Jirgin da Baba Ya Shanya

Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu ba a wasa da wannan kunyar. In yana nemana sai ya ce da Inna, "Ina wannan?" In na yi abin kirki ya kau da kai. In na yi na tsiya ya juya ya gaya wa bango, ni kuma in tsaya a gefe in ji abin da aka gaya wa bangon. Jakinsa kuwa yana da suna, kuma yana kiransa da shi safe da yamma. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da na ja zuwa bakin ruwa ya duba mini jirgi.

Shekarun fari ne. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Ga shi gonakin da muke nomawa ba na gado ba ne. Asalin garinmu yana ƙarƙashin ruwa, tun lokacin da aka datse kogi aka yi dam aka tashe mu zuwa kan jigawa. Nan aka yayyanka mana 'yan filaye a matse, in maƙwabcinka ya yi tari a gonarsa sai ka ce masa sannu daga taka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kana tsaye a cikin busasshen gero kana hango ruwa shimfiɗe yana ƙyalli, ba ka da yadda za ka yi da shi.

Samarin unguwarmu suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya suna bin manyan motoci zuwa Kurmi. Ni ma na zuba 'yan kayana a buhu na ɗaure bakinsa na jingine a bayan ƙofar ɗaki. Matata tana da tsohon ciki a lokacin, kullum in ta zo shara sai ta zagaye buhun, ba ta taɓa shi. Na gaya wa Inna in ban sami abin yi ba zan tafi. Inna ta gaya wa Baba. Baba ya gaya wa bango cewa hanya ba ta kowa ba ce, mai son bi ya bi.

Ni kuwa ba na son tafiyar, Allah ya sani. Don haka na fara zarya bakin dam ina taya masunta jan koma, su sallame ni da 'yan ƙananan karfasa na miya. Masuntan duk baƙi ne daga gabas, mu mutanen gari kallon ruwan kawai muke yi. A cikinsu akwai wani dattijo mai yawan dariya wanda idonsa ya fara hazo. Shi ya koya mini riƙon filafili, wato abin tuƙi, ya kuma koya mini yadda ake tsayawa a jirgi ba tare da an kunyata kai ba. Wata rana ya ce mini shi zai koma gida, ruwa ya ishe shi. Yana da wani tsohon jirgin katako da ya saya a lalace ya gyara da hannunsa. Ba ya son kuɗi, don kuɗin lokacin in ka kwana da su da safe sun rame. Jaki yake so, wanda zai kai shi gida ya kuma riƙa yi masa dakon itace.

Muna da jaki. Sai dai na Baba ne.

Jakin nan shi yake kai mana taki gona da bazara, shi yake kai hatsi Dawanau da kaka. A shekarun nan ba hatsin kaiwa, ba harawar ba shi, har ya fara cin zanan makewayi. Duk da haka na san raba Baba da shi ba ƙaramin aiki ba ne. Inna ce ta shiga ta fita, ban san me ta faɗa ba, sai dai wata safiya na ji Baba yana gaya wa bango cewa shi bai taɓa musayar abu da abin da bai gani da idonsa ba, in ana so a gani to a tashi tun rana ba ta yi ba.

Inna ta dube ni na dube ta. Tun da aka tashe mu Baba bai taɓa taka bakin ruwan nan ba. Ko zaman hantsi yake yi, bayan gida yake zagayawa inda ba a hango shi. A bayan gidan nan, jikin rumbu, akwai wani ƙyaure jingine a kan duwatsu. Ƙyauren zauren tsohon gidanmu ne, na katakon maɗaci, mahaifin Baba ya sa aka yi shi. Ranar tashi mutane suna ta kokawa da azara da tukwane, shi Baba ƙyauren ya ɗora a ka. Da muka gina sabon gida ya ƙi kafa shi, ya sa aka buga na langa-langa. In Inna ta yi magana sai ya ce wannan ƙofar ba tasa ba ce. Lokaci lokaci yakan ɗaga shi ya duba ko gara ta hau, ya shafa masa baƙin mai ya mayar.

Muka tafi mu uku, Baba a gaba, jaki a tsakiya, ni a baya. Da yake babu bango a hanya, jakin ya zama bango. Duk abin da Baba yake so in ji, shi yake gaya wa.

Muka tarar da dattijon yana ɗinkin koma. Suka gaisa gaisuwar manya, doguwa, har da tambayar mutanen da ba su san juna da su ba. Sannan Baba ya waiga dama da hagu ya tambayi inda abin yake. Dattijon ya nuna ruwa da leɓe. Can gaba kaɗan, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, wani ɗan baƙin hanci ne ya leƙo. Sauran jirgin duk yana ƙasa, an danne shi da duwatsu.

Baba ya daɗe yana kallo. Sai ya dafa wuyan jakin ya ce, "Ka gani ko? Kai za a bayar, a karɓi abin da ya riga ya nutse."

Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai shi ya nutsar da shi da kansa. Jirgin katako in an gama gyaransa sai an ba shi ya sha, ya ƙoshi, sannan yake riƙe kansa. Baba ya ce shi dai a iya saninsa ruwa ne ajalin itace. Ya ga abin da ɗigon indararo yake yi wa azara, ya ga gindin turmin da aka bari a danshi. Ya ce a fito da shi tudu tukuna, ba a ciniki da abin da yake ɓoye.

Muka shiga ni da wasu masunta biyu muka kwashe duwatsun, muka karkata shi muka kwarfe ruwan da ƙwarya, muka ja shi kan yashi. Sai a ranar na gan shi sosai, kuma wallahi na ƙi ƙiftawa. Ashe jirgi ba abu ɗaya ba ne. Tsofaffin katakan baƙaƙe ne wuluk, sun yi santsi saboda tafin ƙafar mutane. Sababbin da dattijon ya sa jajaye ne, har da sawun zarto a jikinsu. Tsakanin katako da katako an cusa tsumma da zaren rama an bi da kwalta. A wuri biyu an buɗe gwangwanin mai an miƙar an lulluɓe tsaga da shi, rubutun jikin gwangwanin yana nan a juye. Ƙusoshin ba a bar su a miƙe ba, kowacce in ta ɓullo ta ciki an lanƙwasa bakinta an mayar cikin itacen. Na tambayi dalili, dattijon ya ce ƙusa miƙaƙƙiya fita take yi in jirgi ya yi numfashi. Na so in tambayi yadda jirgi yake numfashi, amma Baba ya riga ya naɗe hannun riga.

Yadda ake duba dabba a kara, haka ya duba shi. Ya zagaya shi a hankali, hannu a baya. Ya tsuguna a gaban hancin ya leƙa kamar mai neman haƙora. Ya sa muka kifa shi ya shafa cikinsa daga gaba har baya. Ya ƙwanƙwasa kowane katako da gaɓar yatsa, kunnensa a manne, ya sansana, ya ɗan kankara da farce. Yana yi yana tambaya. Shekarunsa nawa? Wa ya fara mallakarsa, kuma me ya raba su? An taɓa mutuwa a cikinsa? Dattijon ya ce ba a taɓa ba, sai dai wata akuya da ta haihu a ciki. Sai Baba ya tambayi abin da yake ci. Na sunkuyar da kai don kunya, amma dattijon bai ga abin dariya ba. Ya ce kwalta yake ci in sanyi ya wuce, ruwa kuma kullum.

Daga nan dattijon ya ce zai faɗi aibinsa, don kada Allah ya kama shi. Yana ɗan karkata hagu in an yi masa lodi. Ba ya son iskar la'asar. Hancin nan kuma ba nasa ba ne na asali, na farkon ya fashe ne lokacin da mai shi na dā ya daki kututturen wata bishiya a tsakiyar ruwa.

Hannun Baba ya tsaya a kan katakon. Ya tambayi wace irin bishiya. Dattijon ya ce tsamiya ce babba, bana da ruwa ya ja baya har kanta ya fito. Baba ya tambaya ko akwai wata kuka gabas da ita, mai rassa biyu. Dattijon ya ce akwai, nan suke ɗaure ƙugiyoyinsu. Baba ya koma ƙwanƙwasa katakon da ya riga ya ƙwanƙwasa. Ni na san tsamiyar. A ƙofar masallacin tsohon garinmu take, a gindinta aka yi mini aski na farko da na iya tunawa.

Shi ma dattijon ya ce bari ya duba nasa. Nan na gane ashe kowa a gonar wani baƙo ne. Bai buɗe bakin jakin ba, bai ɗaga kofatonsa ba. Sai ya bi haƙarƙarinsa yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya yana saurare, ya leƙa ƙarƙashin cikinsa ko yana yoyo. Jakin ya yi haƙuri iya haƙuri, sannan ya kai masa harbi ya kuskure shi da kaɗan. Baba ya faɗi aibin jakinsa shi ma: yana cin zana, yana tsayawa a duk ƙofar da aka taɓa ba shi dusa, kuma ba ya tsallake ruwa ko da na alwala ne. Dattijon ya ce wannan na ƙarshen ai shi yake nema, ya gaji da abokan da suke son ruwa.

Na ɗauka an gama, zuciyata har ta fara tuƙi. Sai Baba ya goge hannunsa ya kawo sharaɗi. Ya ce shi ya yi shekaru yana kai hatsi kasuwa, ya san abin da marasa tsoron Allah suke yi: su yayyafa wa dawa ruwa ta kumbura ta cika mudu, ka kai gida ta bushe ta koma rabi. Jiƙaƙƙen abu ba ya faɗin gaskiya. Don haka a bar jirgin nan a kife a rana ya bushe ƙarau, in kasuwa ta zagayo zai dawo ya ga ainihinsa.

Dattijon ya daina dariya. Ya ce, "Malam, in ya bushe buɗewa zai yi."

"In ya buɗe, dā ma a buɗe yake," in ji Baba.

Dattijon ya dube ni. Ni kuwa me zan ce? Ban taɓa sa baki a maganar Baba ba, balle a gaban mutane. Dattijon ya dubi jakin, ya yi ajiyar zuciya, ya ce to a shanya. Masuntan da suke wurin suka riƙa taɓa juna. Har muka yi nisa ina jin ɗayansu yana gaya wa na cikin ruwa cewa manoma sun zo sun shanya jirgi kamar kuɓewa.

Ranar da muka koma, tun daga nesa gabana ya faɗi. Jirgin ya yi fari fat, kwaltar ta tsattsage, tsummokaran sun leƙo. Da muka ɗaga gefe ɗaya na leƙa ƙarƙashi, sai na ga rana ta shigo ta kowace tsaga ta zana layuka a kan yashi. Ko a wannan halin sai da abin ya ba ni mamaki, yadda katakon da na gani a haɗe kamar an haife su tare suka ja da baya suka bar juna. Baba ya tsinko karan ciyawa ya zura ta wata tsaga, ya fita ta ɗaya gefen ba tare da ya lanƙwashe ba.

Dattijon ya yi ta bayani cewa a mayar da shi ruwa a gani, zai haɗe. Baba kuwa yana ta bin katakan da ƙwanƙwasa. Da ya zo kan wani na ƙasa, daidai tsakiya, sai ya tsaya ya sake bugawa. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankare kwaltar da ta ɓamɓaro, ya danna. Wuƙar ta shige kamar a cikin gurasa. Dattijon ya durƙusa ya kai fuskarsa dab da wurin, ya sa yatsa ya ƙwaƙulo ruɓaɓɓen itace. Ya yi salati a hankali. Ya rantse bai sani ba, kwaltar mai shi na dā ce ta rufe, idonsa kuma ga yadda ya zama. Na yarda da shi. A daidai wurin nan mai jefa koma yake tsayawa.

Baba ya mayar da wuƙarsa kube, ya kama igiyar jaki ya ce masa su tafi gida.

A hanyar nan na tsani Baba, ba zan ɓoye ba. Na san ya yi gaskiya a kan katako ɗaya, amma sauran fa? Shi ya sa aka shanya lafiyayyen jirgi ya tsage, sannan ya kama shi da laifin tsagewa. Ina tafe ina haɗiyar maganganu, har muka isa gida. Na gaya wa Inna da ƙarfi, yadda zai ji daga bayan rumbu, cewa motar ranar kasuwa mai zuwa da ni za ta tashi. Matata tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, sai dai na ga garin yana zuba a wajen faifai.

Washegari da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki ina ƙara ɗaure buhuna, ɗaurin da ba ya bukata, don dai a gani. Baba ya fito zai sare wata ƙaya da ta tsiro a bakin turke. Ya ɗauki fartanya ya kai sara ɗaya, sai ƙarfen ya fice daga ƙota ya yi tsalle gefe. Ba sabon abu ba ne, kowane manomi ya san in rani ya yi tsanani ƙota takan bushe ta saki ruwan fartanya, wato ƙarfen. Ya yi tsaki, ya mayar ya buga a dutse, ya jefa kan fartanyar a cikin kaskon da jaki yake sha, ya tafi sabgarsa. Abin da ya yi sau ba adadi ke nan, ni ma haka na taso ina yi.

Bayan azahar ya dawo ya tsamo ta. Ya girgiza, ƙarfen ko motsi. Ya juya zai nufi ƙayar, sai ya tsaya cak. Ya sake girgizawa. Ya kawo ta kusa da idonsa yana duban inda itacen ya kumbura ya cije ƙarfen. Ya je jikin rumbu ya ɗauko wata busasshiya ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal. Ya tsaya a tsakar gida da fartanya a kowane hannu, ruwa yana ɗiga a kan ƙafarsa, ya daɗe har Inna ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Ya juya wajen bango ya ce, "Ashe tsohon nan ba ƙarya yake yi ba."

Ni kuwa ban ɗaga kai ba. Da la'asar aka neme shi aka rasa, sai gab da magariba ya shigo da laka a takalminsa. Ban tambaya ba, ban kuma sa rai ba, don ko jirgin ya haɗe ruɓaɓɓen katakon yana nan, kuma a shekarun nan katako mai kyau sai a birni, wurin masu hali.

Ana jibi kasuwa Inna ta tashe ni da sassafe ta ce an ce in kai jaki bayan rumbu. Na tarar Baba ya sauke ƙyauren daga kan duwatsu yana goge shi da tsumma. Muka ɗora wa jakin muka ɗaure, yana ta gunaguni don nauyi. Na ɗauka sayarwa zai kai, raina ya ƙara ɓaci, na ce yau kuma yunwa ta kai mu ga cin ƙofa. Sai da muka bar hanyar kasuwa muka gangara na gane inda muka nufa.

Jirgin yana kan ruwa yana lilo, an ɗaure shi a turke. Ya koma baƙi, tsagogin sun rufe ruf kamar ba su taɓa buɗewa ba. Na shiga ruwa na bi su da yatsa ina neman inda karan ciyawa ya wuce, ban samu ba. Baba ya ɗebi busasshen yashi a hularsa ya ce a tura, zai shiga. Mutumin da ko rafi bai taɓa haurawa ba sai a ƙafa! Ya zauna a tsakiya ya riƙe gefe da gefe har jijiyoyin hannunsa suka tashi, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Da ya ɗan saba sai ya saki hannu ɗaya ya barbaɗa yashin a kan kowace gaɓa, ya zuba ido. Ko'ina yashin ya zauna fari, sai a kan ruɓaɓɓen katakon nan ne ya yi duhu a hankali. Ya gyaɗa kai. Sannan, ba tare da ya dubi kowa ba, ya ce tunda an fito a kai shi wajen tsamiyar.

Dattijon yana tuƙi a baya, ni a gaba. Kan tsamiyar ya fito kamu guda a kan ruwa, fari, tsuntsaye sun ɓata shi. Baba ya kama reshe ya tsayar da mu, ya dubi kukar, ya dubi rana, ya dubi tudun da muka baro. Sai ya fara ba da hanya. A yi gaba kaɗan. A karya dama. Dattijon ya ga inda yake nufi, ya miƙe jirgin zai yanke, sai Baba ya ɗaga hannu da sauri.

"A'a, koma. Nan cikin gidan mutane ne, akwai mata. Bi ta lungu."

Dattijon ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi fuskar Baba, ya rufe. Ya ja da baya ya bi ta lungu. Haka muka yi ta karya kwana a kan shimfiɗaɗɗen ruwan da ba komai a kansa, muka wuce rijiya, muka zagaye gidan liman, muka rage gudu a inda yara suke wasa. Abin mamaki, ni ma sai na fara gani. Na san bayan wannan kwanar akwai dakalin mai goro, kafin Baba ya faɗa.

Sai ya ce a tsaya. Ya yi sallama a hankali, irin wadda mutum yake yi a ƙofar gidansa ba don a amsa ba. Ya sa hannu a ruwan har gwiwar hannu, ya bar shi a ciki. Da ya fito da hannun ya shafa a fuska ya ce a koma, rana tana yi.

A bakin gaɓa ya sa muka sauke ƙyauren a kan yashi. Ya ce da dattijon ya cire ruɓaɓɓen ya yanka a nan ya sa. Dattijon ya tsuguna ya shafa katakon, ya ƙwanƙwasa, ya sansana, kamar yadda Baba ya yi wa jirginsa. Ya ce bai ga irin wannan maɗacin ba tun yana saurayi, kuma shi hannunsa ba zai iya sa wa ƙofar gidan mutum zarto ba sai an sake gaya masa.

"Yanka," in ji Baba. "Ka zaɓi mai kaurin ka sa a ƙasa, inda zai riƙa tsayawa. Bai iya ruwa ba."

Na juya baya na yi kamar ina duban turke, don idona ya cika kuma akwai mutane. Katakon da aka zaɓa shi ne mai ramin sakata. Dattijon ya toshe ramin da tsumma da kwalta, amma shacinsa bai ɓace ba. Duk shekarun da na yi ina jefa koma a dam ɗin nan, babban yatsan ƙafata a kansa yake sauka.

Baba bai tsaya ganin yanka ba. Ya kwance akumari, ya miƙa wa dattijon igiyar jakin, suka yi musabaha aka shafa fatiha. Ya ja kunnen jakin ya gaya masa wata magana da ban ji ba. Sannan ya kama hanya da sauri, na bi shi.

Muka hau tudu mu biyu, shi a gaba ni a baya, babu kowa a tsakaninmu. Na lura yana ta waige-waige. Gonaki ne fetal hagu da dama, ba bango, ba bishiya, ko kututture babu, jakin kuma yana can bakin ruwa. Ya yi gyaran murya ya yi shiru. Muka ƙara tafiya. Sai ya tsaya, ya juyo, ya dube ni a ido, abin da ban san ya taɓa yi ba.

Ya ce, "In mun je gida ka kwance buhun nan."

Na ce to, Baba. Ya juya muka ci gaba da tafiya, akumarin jakin a kafaɗarsa, bai ba ni in riƙe ba.